Kowane Tabo da Dalilinsa: Nasiha ga Matasa Masu Haɗa Ƙananan Jiragen Yaƙi

Ƙannena maza da mata masu sha'awar haɗa ƙananan jiragen yaƙi na roba, ina ganin ayyukanku, kuma gaskiya hannunku ya fara faɗawa. Ban yi mamaki ba. Yaron da ya taso yana ƙera motar kara da ta langa-langa, yana yanka tsohon silifas ya yi mata taya, ba sai an koya masa haƙurin haɗa ƙananan abubuwa ba, da shi ya girma. Inda nake ganin ana tuntuɓe shi ne bayan an gama haɗi, lokacin da aka zo kan fenti da sa wa jirgi alamun aiki da tsufa. Sai mutum ya kwana biyu yana haɗa jirginsa tsaf, sannan cikin yamma guda ya malale shi da baƙi da ruwan ƙasa, ya yayyafa masa fentin azurfa daga hanci har wutsiya, wai shi nan ya yi jirgin da ya sha yaƙi. Abin da ke fitowa jirgi ne da babu matuƙin da zai yarda ya shiga cikinsa.

Nasihata guda ce, sauran duk bayaninta ne: kada ku sa wa jirgi tabon da ba za ku iya faɗin dalilinsa ba. Idan aka nuna wani ɗan ƙwarzane a gindin fiffike aka ce me ya kawo wannan, ku iya cewa takalmin wane ne ke taka wurin. Idan aka nuna zirin baƙi a ƙasan ciki, ku san daga ina man ya zubo, kuma wace iska ta ja shi baya.

Bari mu ɗauki jirgi guda mu bi shi, domin magana a dunƙule ba ta koya wa hannu komai. Na zaɓi Hawker Hurricane na Ingila. Sydney Camm ne ya tsara shi, ya fara tashi ranar 6 ga Nuwamba 1935, kuma kafin a daina ƙera shi a 1944 an yi fiye da 14,000. Jirgin Spitfire ya fi shi suna da kyan diri, shi ya sa kowa ke ruga masa, amma a gumurzun da aka yi a sararin samaniyar Ingila a 1940 Hurricane ne ya fi yawa, shi ne kuma ya fi kakkaɓo jiragen Jamus. Kamfanoni da dama suna yin samfurinsa, daga Airfix na Ingila har Arma Hobby na Polan, saboda haka ba ya wuyar samu ga mai iya yin oda.

Sai dai babban dalilina shi ne wannan jirgi ya ratsa ta kanmu. A watan Yuni na 1940 Italiya ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu, Faransa ta faɗi, hanyar Bahar Rum ta zama haɗari ga Ingila, alhali sojojinta da ke Masar suna matuƙar bukatar jirage. Sai aka koma ana ɗauko jiragen a wargaje cikin manyan akwatuna, jirgin ruwa ya kawo su Takoradi a ƙasar Gana, wadda a lokacin take ƙarƙashin Ingila, a haɗa su a can. Daga nan su tashi zuwa Legas, su yo Kano, su wuce Maiduguri, su bi ta Fort Lamy, wato Njamena ta yau, su shiga Sudan ta Jinaina da Fashir har Hartum, sannan su bi kogin Nilu zuwa Alƙahira. Tafiyar ta kusa kilomita 6,000, ana yin ta cikin kwanaki, zango bayan zango. Wanda ya buɗe tsakiyar hanyar shi ne gwamnan Cadi, Félix Éboué, wanda a watan Agusta na 1940 ya bi ɓangaren Janar de Gaulle da ke tare da Ingila. Ayarin farko ya tashi a watan Satumba na wannan shekara, kuma zuwa 1943 fiye da jirage 5,000 sun bi ta wannan hanya. Yawanci jirgin Blenheim mai inji biyu ne ke gaba, domin shi ke ɗauke da mai duba hanya, ƙananan suna biye da shi. Wani abin sha'awa, Arthur Coningham, wanda ya jagoranci jirage uku na farko da suka sauka a Kano a watan Nuwamba na 1925, shi ne daga 1941 ya zama kwamandan rundunar saman da ke yaƙi a hamadar Masar da Libiya, inda akasarin waɗannan jirage suka nufa.

To, tambayar da za ku yi wa kanku tun kafin ku buɗe kwalbar fenti ita ce: wace rana ce a rayuwar wannan jirgi nake son nunawa? Hurricane da ya sauka a Kano kan hanyarsa ta zuwa Masar sabo ne, kwanakin baya kaɗan yana cikin akwati. Bai harba harsashi ko ɗaya a fagen daga ba. Fentinsa bai koɗe ba, babu harufan runduna a jikinsa tukuna, sai lambar da ya fito da ita daga masana'anta. Abin da za a gani a kansa shi ne hayaƙin salansa na doguwar tafiya, ɗan tsiyayar mai, da ƙura a tayoyi. Shi kuwa ɗan'uwansa da ya yi watanni yana tashi daga filin hamada har zuwa yaƙin El Alamein na Oktoba 1942, labarinsa daban ne. Jirgi iri ɗaya, akwati ɗaya, amma aikin buroshi biyu. Ku sani kuma ba kowane jirgin yaƙi ne ke samun tsawon ran da zai tsufa ba. Da yawa sun faɗi ko sun lalace fentinsu na nan da sauransa.

Abu na biyu, ku san da me aka yi jikin. A nan ne Hurricane ke tona asirin mai gaggawa. Gangar jikinsa daga bayan mazaunin matuƙi har wutsiya ba ƙarfe ba ce a waje. Ƙashin bututun ƙarfe ne a ciki, aka ɗora masa siraran katako, aka lulluɓe da yadin lilin, aka shafe shi da wani sinadari da ke ɗame yadin ya yi tauri. Haka wutsiyar, haka ƙananan sassan da ke motsi a bayan fukafukai. Hanci da murafun inji kuwa alminiyam ne. Fukafukan na farko-farko su ma yadi ne, daga 1939 aka fara sa musu fatar ƙarfe. Saboda haka wanda ya ɗiga fentin azurfa a bayan jirgin wai fenti ya ɓamɓare ƙarfe ya bayyana, ya nuna ƙarfe a inda babu shi. Yadi koɗewa yake yi, ya sha mai, ya yi dabbare-dabbare, idan harsashi ya huda shi a yi masa faci a shafa sabon fenti, sai facin ya fi kewayensa duhu. Wannan ɗan faci guda, idan kun yi shi da kyau, ya fi ƙwarzane ɗari faɗin gaskiya.

Haka maganar tsatsa. Alminiyam ba ya yin jar tsatsa. Wurin da ke da hakkin yin ja-ja mai haɗe da ruwan ƙasa a jikin Hurricane shi ne bakunan salansa, domin su ƙarfe ne da ke shan wuta. Farfela ma ku bincika wacce jirginku ke ɗauke da ita: ta kamfanin de Havilland ƙarfe ce, ta Rotol kuwa yawanci matsattsen katako ce da aka lulluɓe, don haka azurfa ba ta da hurumi a kanta.

Fentin kansa ba zan daɗe a kai ba, domin dokokinsa kaɗan ne, kiyaye su ne ke da wuya. Ku wanke sassan da ruwan sabulu tun suna jikin reshensu, saboda maiƙon masana'anta da na yatsu yana hana fenti kamawa. Bayan haɗi ku goge layin gam da lallausar samfefa, ku shimfiɗa fentin farko mai ruwan toka, shi zai nuna muku duk ramin da ya ɓuya. Cikin mazaunin matuƙi kore ne mai ratsin toka, kuma ana yin sa tun kafin a rufe gangar jiki. Launukan hamada uku ne, a jikin kwalba za ku ga an rubuta Azure Blue, Middle Stone da Dark Earth: shuɗi mai haske a ƙasan jirgi, ruwan rairayi da ruwan ƙasa mai duhu a sama. Jiragen da suka fara zuwa da kore da ruwan ƙasa irin na Ingila suka zo, daga baya ne launin hamada ya zama ƙa'ida, don haka shekarar da kuka zaɓa ita za ta faɗa muku launi. Ku fara da mai haske ku ƙare da mai duhu. Ku tsinka fentin har idan kun shafa sau ɗaya kuna hango abin da ke ƙarƙashi, ku bari ya bushe, ku sake, ku sake. Shafa uku siriri ta fi ɗaya mai kauri, wadda ke cike layuka ta binne duk ƙananan zanen da kuka biya kuɗi dominsu. Sauri ya haifi nawa.

Kada wani ya sa ku ji cewa sai da bindigar feshi ake aikin kirki. Tana da amfani, musamman wajen hayaƙi da koɗewa, amma buroshi mai faɗi mai laushi a hannun mai haƙuri yana fitar da jirgin da ba za a ji kunyarsa ba. Abin da littattafan Turawa ba za su gaya muku ba shi ne yanayinmu. Fentin ruwa, irin na Vallejo ko Tamiya, a zafin bazara yakan bushe tun yana kan buroshi, saboda haka ku yi aiki da sanyin safiya ko bayan la'asar sakaliya, ku riƙa zuba ɗan kaɗan a kan jiƙaƙƙiyar takarda. Da hunturu kuwa ƙura ce abokiyar gaba. Ku tanadi roba mai murfi ko kwano mai zurfi, da kun ɗaga buroshi ku kife jirgin. Kada ku shanya shi a rana don ya yi saurin bushewa, kada ku bar shi cikin mota a rufe, robar lanƙwashewa take yi. Fetur da ruwan tsinka fentin mota kuma suna cin irin wannan roba, kada su kusance ta.

Tambura da lambobi, waɗanda ake jiƙawa a ruwa a zame su kan jirgi, suna son wuri mai santsi. Idan aka ɗora su a kan fenti mai kaushi iska na maƙalewa a ƙarƙashi, sai gefensu ya riƙa walƙiya. Ku fara shafa ruwan rufi mai sheƙi, ku ɗora su, ku danne da auduga, ku sake rufewa. Ku lura kuma a tsakiyar 1942 an sauya fasalin tambarin zagaye na jiragen Ingila, aka sirantar da farin da rawayan. Tambarin 1943 a kan jirgin 1941 kuskure ne da mai sani zai hango daga bakin ƙofa.

Yanzu ga lissafin da nake so ya zauna muku a kai. Faɗin Hurricane daga ƙarshen fiffike zuwa ƙarshen ɗaya ƙafa 40 ne, wato mita 12 da 'yan kai. A ma'aunin 1/72 ya koma kusan santimita 17, a 1/48 kuma kusan 25. Ma'anar wannan ita ce ɗigon milimita 2 a jikin samfurin 1/72 daidai yake da tabon santimita 14 a jikin jirgin gaske. Idan kuma kuka riƙe shi nisan santimita 30 daga idonku, tamkar kuna tsaye ne nisan kusan mita 22 daga jirgin gaske. Ku tambayi kanku me ido ke iya gani daga nan. Ba ya ganin kowace ƙusa, ba ya ganin layukan da ke tsakanin faranta a matsayin baƙaƙen zare. Akwai yayin da ya bazu a tsakanin masu wannan sana'a a duniya, na bi kowane layi da baƙi ƙirin har jirgi ya koma gida-gida. Yana ɗaukar ido a hoto, amma ni ban yarda da shi ba, kuma ba na ba ku shawarar binsa. Ku tsinka fentin mai irin na masu zane, ruwan ƙasa mai duhu, ya zama ruwa-ruwa, ku taɓa bakin buroshi a layin ku bar shi ya gudu da kansa, bayan ɗan lokaci ku share rarar da auduga. Ku ƙarfafa shi a inda ake buɗewa kullum, kamar murafun inji da na bindigogi, ku sassauta a sauran wurare. Ku yi wannan a kan rufin fentin ruwa, domin abin da ke tsinka fentin mai ba ya taɓa shi, don haka kuna da damar sharewa idan ya yi yawa.

Sai koɗewa. Rana daga sama take duka, saboda haka saman fukafukai da doron jirgi su ke fara yin fari, ƙasan ciki yana nan da launinsa. Hanya mai sauƙi ita ce ku ɗiɗɗiga ƙananan ɗigo na fentin mai, fari da rawaya mai duhu, da tsinken sakace, sannan ku ja su da buroshi mai ɗan damshi har su kusa ɓacewa. A kan fiffike ku ja daga gaba zuwa baya, yadda iska ke bi. A gefen gangar jiki ku ja daga sama zuwa ƙasa, yadda raɓa da ruwan wanki ke gangarowa. Idan mai kallo ya iya nuna inda kuka ɗiga, ba ku gama ja ba.

Ƙwarzane shi ne inda hannu ke ƙaiƙayi, don haka bari in tsaya a kansa. Ku yago ɗan guntun soso, wanda bai kai ƙwayar gyaɗa ba, ku kama shi da hantsaki. Ku tsoma shi a fentin alminiyam, sannan ku riƙa dangwala shi a kan takarda. Dangwalar farko za ta bar gunduma, ta biyar ta bar ɗigo-ɗigo, ku ci gaba har sai abin da ke fita ya zama 'yan ƙananan ɗigo marasa tsari waɗanda sai an matso ake gani. A lokacin ne kawai soson zai taɓa jirgi. Ina zai taɓa? Matuƙin Hurricane ta hagu yake hawa. Akwai wani mataki da ake jawowa daga ƙasan gangar jiki a bayan fiffike, ya sa ƙafa a ciki, ya kama wani ɗan gurbi a sama, ya taka gindin fiffiken, sannan ya shiga. Makanikai ma nan suke tsayawa su ɗaure masa bel, su goge gilashi. Takalmi mai yashi a tafinsa, sau da yawa a yini, wata da watanni: gindin fiffiken hagu shi ne wuri na farko da fenti zai bari, kuma ya fi na dama cinyewa. Bayansa sai kewayen maɓallan murafun inji, inda bakin sukudireba ke zamewa, wanda fensir mai ruwan azurfa ya fi soso dacewa da shi. Sai gaban fukafukai kusa da jiki, inda farfela ke watso yashi idan za a tashi. Daga nan ku ajiye soson. 

Hayaƙin salansa shi ma yana da hankalinsa. Injin Rolls-Royce Merlin silinda 12 gare shi, shida a kowane gefe, hayaƙin na fita ta gefen hanci ya bi jikin jirgi, yana ɗan lanƙwasa yadda iska ke ratsawa ta saman fiffike, yana faɗaɗa yana dushewa. Ba baƙi zalla ba ne. Man jiragen lokacin akwai dalma a cikinsa, ita ke barin toka-toka mai haske a tsakiyar zirin, baƙi da ruwan ƙasa kuma su kewaye ta. Ku kankare allin zane mai launi ya zama gari, ku ɗauka da busasshen buroshi ku goga a hankali, mai duhu tukuna, mai haske a tsakiya. Baƙin mai kuwa ta ƙasan inji yake tsiyaya, iska ta ja shi zuwa lagireto da ke ƙarƙashin ciki. Shi ku yi shi daga ƙarshe, bayan kun rufe jirgin duka da ruwan rufi marar sheƙi, domin mai yana ɗan ƙyalli, kuma wannan bambancin ne ke sa ido ya yarda.

Bindigogi: Hurricane na farko takwas gare shi, huɗu a kowane fiffike, kuma akan liƙe bakunansu da jan ƙyalle don hana ƙura da sanyi shiga. Idan ƙyallen na nan lafiya, jirgin bai yi harbi ba tun da aka ɗura masa, don haka babu sabon hayaƙi. Idan ya huje, sai ɗan siririn ziri a bayansa. Samfurin IIC kuwa manyan bindigogi huɗu ne masu bakin milimita 20, suna leƙowa gaba. Ƙurar ƙasa wurinta tayoyi, ƙafafu, bayan lagireto da ƙasan wutsiya, da kuma wannan ƙaton maƙogwaro da ke ƙarƙashin hancin jiragen hamada, matatar iska ta Vokes, wadda aka sa don kada inji ya shaƙi yashi ko da yake tana rage wa jirgin gudu. Launin ƙurar ma shaida ne. Ta filayen ƙasarmu tana da ja a cikinta, ta hamadar Masar kuwa fara-fara ce. Idan babu allin zane, ku daka busasshiyar ƙasa ku tace ta da ƙyalle, tana aiki.

Wuri guda da ba za ku taɓa ƙazantawa ba shi ne gilashin matuƙi. Ran mutum yana rataye da abin da yake iya hangowa ta cikinsa, saboda haka ko jirgi ya yi dukun-dukun gilashin a goge yake. Ku rufe shi da salatif na takarda kafin fenti, kuma kada ku manna shi da sufagulu, tururinsa na sa shi ya yi hazo. Farin gam na kafintoci ya wadatar.

Duk wannan daga ina za ku koya? Daga hoto, da kuma daga ido. Gidan tarihin yaƙi na Imperial War Museum da ke Landan ya sa dubban hotunan lokacin a intanet, har da na haɗa jirage a Takoradi. Ku nemi hoton jirgin da kuke yi, ko na 'yan rundunarsa a wannan shekara, ku ajiye shi kusa da ku. Amma ku yi hattara da abu uku. Wasu finafinan ɗaukar hoto na da suna mayar da rawaya ya yi duhu. Hotunan da aka sa wa launi da kwamfuta daga baya zato ne na wanda ya sa, ba hujja ba. Jiragen da ke gidajen tarihi a yau kuma an sake musu fenti ana lallaɓa su, ba haka suke a fagen daga ba. Kada kuma ku kwaikwayi samfurin wani, domin shi ma wataƙila na wani ya kwaikwaya, haka kuskure ke yaɗuwa har ya zama kamar ƙa'ida.

Makarantar ido kuwa tana bakin tasha, kuma kyauta ce. Ku je ku tsaya kusa da tsohuwar babbar motar da ke jigilar hatsi, ku yi mata kallon tsanaki. Fentin matakin da direba ke takawa ya cinye har ƙarfe yana sheƙi, amma tafin hannu guda daga wurin fentin lafiya lau. Ƙarƙashin murfin tanki akwai zirin gas da ƙura ta manne masa. Rufin kai ya fi ƙofa koɗewa. Gilashin gaba an share daidai inda direba ke kallo. Babu tabo ɗaya a jikin motar nan da ya zo don ado, kuma akwai manyan wurare da babu komai. Wanda ya iya karanta jikin wannan mota zai iya karanta hoton Hurricane. Gani ya kori ji.

Game da kuɗi, kada ku matsa wa iyayenku. Ƙaramin akwati na 1/72, kwalaben fenti biyar ko shida, buroshi biyu da reza sun isa a fara, kuma gara ku ɓata mai araha kuna koyo. Wanda bai samu na roba ba ya sassaƙa nasa da katako mai laushi ko ya yanka kwali, dokar tabo ɗaya ce. Ku yi aiki a inda iska ke shiga, nesa da wuta da risho, ku ɗauke reza da ruwan tsinka fenti daga inda ƙananan yara za su kai. Idan kun ga kamar saura kaɗan a ƙara, ku kife jirgin ku tashi, ku dube shi washegari da hasken safiya. Yawanci za ku tarar ya isa. Wannan sha'awa kuma tana cin lokaci ba a sani ba, kada ta ci muku salla ko karatu.

Kada ku manta abin da kuke riƙe da shi. Injin kisa ne, samari ne waɗanda ba su girme ku da yawa ba suka tuƙa shi, wasunsu ko fagen daga ba su kai ba, a daji ko hamadar da ke tsakanin Kano da Hartum suka faɗi. Akwai kuma leburori da ma'aikatan ƙasa, 'yan Gana da Najeriya da Cadi da Sudan, waɗanda suka sauke akwatuna, suka share filaye, suka yi dakon mai, ba a rubuta sunan akasarinsu ba. A wannan yaƙi ne kuma aka kwashi dubban samarin Arewa zuwa Habasha da Bama. Idan kun gama jirginku, ku rubuta ɗan kati ku ajiye a gabansa: sunan jirgi, ma'auni, wuri da shekara. Yaron da yake da shekara 10 a 1942 yau ya haura 90. Idan akwai irin wannan dattijo ko gwaggo a gidanku ko unguwarku, a Kano, Maiduguri ko Njamena, ku je ku durƙusa ku gaishe su, ku nuna musu jirgin, ku tambaye su abin da suka gani ko suka ji daga iyayensu, ku rubuta tun suna iya ba ku amsa.